Ɗan Diddige

Tun ranar da Hajiya Azumi ta sauka Riyad domin wankan jegon 'yarta Rakiya, jikarta Sumayya ta yanke a ranta cewa tsohuwar nan ba ta ƙaunarta. Hujja kuwa ga ta nan birjik. In ta gaishe ta da safe, sai ta ce, "Ji Hausa kamar ana tauna tsakuwa." In ta kawo mata shayi, sai ta leƙa kofin ta tambaya ko ruwan wanke-wanke ne. Ko tsayinta bai tsira ba, wai ta miƙe zaƙwal kamar karan rake.

Sumayya shekararta goma sha huɗu, a nan aka haife ta, a unguwar Jaradiya ta girma. Larabci ne ruwan bakinta, Hausa kuwa sai ta lalubo. Babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata cewa akwai wasa tsakanin kaka da jika, wanda aka tsokana ramawa yake yi. Ita dai sai ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki, abin yana cin ta. Ga shi bizar Hajiya ta zo ƙarshe, gobe Asabar jirginta zai tashi, kuma har yau yarinyar ba ta samu kalma ɗaya mai daɗi da za ta riƙe ba.

Abu ɗaya ne ke kwance bakin Sumayya, wato jaruman Girkawan da. Tun da aka karanta musu labarinsu a makaranta ta haukace a kansu. Ta san wanda ya shaƙe zaki da hannu, ta san wanda ya yi shekaru yana gararamba a teku kafin ya ga ƙofar gidansa. In za su kasuwar Aziziya sayen kayan miya, sai ta yi ta zabura a mota tana nuna alluna, wai ga sunan wane a jikin shago, ga na wane a jikin babbar mota. Mahaifinta Dakta Basiru, likitan ƙashi, har ya gaji da cewa to.

Ranar Juma'a da hantsi Hajiya ta baje baho a tsakar falo za ta yi wa jariri Musaddiƙ wankan sallama. Aka ba Sumayya riƙon tawul. Tsohuwa ta saɓe jaririn tas, ta mimmiƙe masa hannuwa, sannan ta haɗa ƙafafunsa biyu a hannu ɗaya ta ɗaga shi kai ƙasa, tana sheƙa masa ruwan ɗumi. Yaro ya tsandara kuka.

Sumayya ta daka tsalle har tawul ya faɗi.

"Hajiya! Hajiya! Wallah haka! Haka aka yi masa! Diddige, ba ki wanke diddige ba!"

"Ke lafiya? Wa aka yi wa me?"

"Wani jarumi, ya'ani babban jarumi, a Girka. Mamansa ta..."

"Dakata. Tatsuniya za ki yi mini da rana tsaka? So kike ki ɓata a hanya?"

"Ba na ɓata, akwai taswira a wayata."

Maganar ta fito kafin ta tauna ta. Ta jira faɗa. Sai ta ga tsohuwa ta ɗago ta dube ta da kyau, idonta yana wani ƙyalli.

"Iye! To, ta zo mu ji ta."

Ai kuwa kamar an ɓalle famfo. Sumayya ta durƙusa gefen baho ta fara zuba, Hausa na tuntuɓe, Larabci na tallafe ta, hannuwa na cike gurbin abin da ya gagara. Wai uwar jarumin 'yar ruwa ce. Hajiya ta ce a'uzu billahi, aljana ke nan, ci gaba. Wai tana tsoron kada ɗanta ya mutu a yaƙi, sai ta kai shi wani kogi, wanda duk inda ruwansa ya taɓa a jiki ƙarfe ba ya kama wurin. Ta riƙe shi ta diddige ta tsoma.

"Au, maganin ƙarfe ne. Ai mu ma muna da 'yan tauri. Mene ne sunansa?"

Sumayya ta faɗa. Hajiya ta gwada, sunan ya ƙi zama a bakinta, nan take ta raɗa masa Ɗan Diddige.

Rakiya ta fito daga ɗaki don jin hayaniyar me ake yi, ta tarar da 'yarta tsaye a kan kujera da ludayi a hannu tana sukar iska. Ɗan Diddige ya girma, ya zama dodon maza, mashi ya taɓa shi ya lanƙwashe, takobi ya sare shi ya dakushe. Hajiya ta naɗe jariri a cinya, sai "Kai!" take yi, tana "Sai aka yi yaya?" Da aka zo wurin kibiyar da ta same shi daidai inda yatsun uwarsa suka rufe har ya mutu, tsohuwa ta dafe ƙirji ta yi salati.

"Amma uwar nan ta cika sakarya! Babu tsohuwa ne a gidansu? Ai sai ki sauya hannu ki sake tsoma shi!"

Dakta Basiru ya fito cikin shirin masallaci yana dariya. Ya ce, "Hajiya, kin san agara, jijiyar nan ta bayan diddige? To, a asibitocin duniya da sunan mutumin nan muke kiranta. Ko shekaranjiya na ɗinke ta wani ɗan ƙwallo."

"Ikon Allah! Mutum ya ci garuruwa, a rasa da me za a tuna shi sai inda uwarsa ta yi sakaci." Ta juyo kan Sumayya. "Labari dai ya yi daɗi, sai dai Hausar gurguwa ce."

Wannan karon Sumayya ba ta sunkuya ba. Ta ce, "Ke fa? Tun da kika zo, shukran kawai kika iya!"

Hajiya ta ƙyalƙyale da dariya har da ƙwalla, tana dukan cinya da hannu ɗaya. "Alhamdulillahi! Rakiya, ashe ƙawar tawa tana da baki! Kullum in tsokane ta, ta yi mini shiru ta shige ɗaki. Wallahi na ɗauka ba ta sona ne, har na ce haka zan koma gida da abin a raina."

Sumayya ta yi sororo da ludayi a hannu. Daɗi da kunya suka haɗu suka rufe ta.

"Ni ma haka na ɗauka," ta ce a hankali.

Tsohuwa ta daina dariya. Ta miƙa wa Rakiya jariri, ta janyo bahon gabanta, ta taɓa ruwan ta ji da sauran ɗuminsa.

"Da aka haife ki ban samu zuwa ba. Uwarki ce ta wanke ki ita kaɗai, tana yarinya, wa ya san inda ta tsallake? Sauko ki ba ni ƙafar."

Sumayya ta sauko ta zauna a ƙasa ta miƙa ƙafa. Hajiya ta kama ta, ta yi bisimilla, ta kamfaci ruwa ta zuba a diddigen, tana murzawa da babban yatsa. Yarinyar na dariya, hawaye na zuba.

"Ji ƙafa kamar faranti," in ji Hajiya. "Kawo ɗayar."