Taku Ɗari Shida da Arba'in

Ruwan ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ya bi siminti har ya taɓa ƙafar Lasmini inda take zaune tana yanka tempe, curin waken soya. Da ta buɗe, sai ga Mbah Sarpan, tsohon da ke layin bayansu, wanda kowa ke kira Mbah, wato kaka, tsugune a kan dakalinta. Buta a hannu ɗaya, ɗayan yana watsa furanni daga cikin ganyen ayaba.

"Mbah, yau kuma ɗakina ne ya zama maƙabarta?"

"Ɗari shida da arba'in," in ji shi, yana haki. "Nan ne. Yi haƙuri, Nduk, zan goge miki."

Shekarunta hamsin da shida, da jikoki uku, amma har yau Nduk yake ce mata kamar 'yar ƙaramar yarinya.

Babu wanda bai san wannan tafiyar ba a unguwar. Layinsu shi ne tsohon titin filin jirgin sama, shi ya sa ya miƙe ɗoɗar babu kwana. Duk abin da ya rage na filin shi ne sandar ƙarfen nan ta gefen masallaci, wadda a da ake rataya wa dogon buhu mai nuna inda iska ta nufa. Kowane Sha'aban, lokacin da mutane ke zuwa share kaburburan 'yan uwansu kafin azumi, Mbah Sarpan zai jingina bayansa da sandar, ya taho yana ƙirga takunsa. Inda lissafin ya cika, nan zai zuba wa ƙanensa ruwa da furanni.

Lasmini ta kama ƙugu tana dariya.

"Ai bara a bakin kwatar Parjo mai gyaran babur ka zuba. Kafin nan a gindin mangwaro. Shekarar da aka yi wa layin nan kwalta kuwa har gaban shagon magani ka kai, da idona na gani. Ko ƙanen naka ne yake matsowa gida a hankali?"

Da wasa ta faɗa. Mbah bai yi dariya ba. Ya ɗaga kai ya dubi layin, ya dubi kwatar Parjo, ya dubi mangwaron can gaba. Sannan ya sunkuya ya daɗe yana kallon ƙafafunsa cikin silifa.

"Takun ne ya gajarce," ya ce a hankali.

Ya tashi ya tafi, ya manta butar a dakali.

Washegari da hantsi ya sake jingina da sandar. Wannan karon buɗe ƙafa yake yi iyakar ƙarfinsa, irin takun saurayi. Bai cika ɗari biyu ba ya faɗi. Parjo da wani mai sayar da gas suka ɗauke shi a kan ƙyauren ƙofa. A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye, kuma zuciyarsa ba za ta ɗauki aikin tiyata ba, aka dawo da shi gida.

Kwana uku Lasmini ba ta iya zuwa ba. Ran na huɗu ta dama kunun shinkafa da madarar kwakwa, ta haɗa da butarsa ta tafi. Parmi, matar ɗansa, ta karɓi kwanon ba ta ko dube ta ba, ta nuna mata ɗakin da haɓa.

An kwantar da shi kusa da taga. Tsohon laujensa na rataye a bango, bakin ya cinye ya zama siriri kamar jinjirin wata.

"Mbah, bakina ne ya jawo. Ka yafe mini."

"Bakinki tun kina ƙarama haka yake. Ke ce ke kwanciya cikin ciyawa a ƙarshen titi, wai jirgi ya wuce ta samanki. In na biyo ku da lauje, ki ce mini Sarpan mai ƙafar zalɓe."

"Ba ni kaɗai ba ce."

"Ke kika fi murya." Ya ɗan murmusa. "Ga zalɓen nan yau."

Ta gyara masa matashi. Shi ya fara maganar, ita ba ta tambaya ba. Sunan yaron Gimin. Shekara uku ya yi a duniya, zazzaɓi ya ɗauke shi, aka binne shi a gefen maƙabartar ƙauye. Ba su da halin sa dutse, sai reshen itace da uwarsu ta dasa. Da aka zo ƙara tsawon filin, aka kwashe kaburburan da ke da dutse, sauran aka bi ta kansu da motar baje ƙasa, aka zagaye da waya. Lokacin Sarpan yana da shekara takwas.

"Shekara goma sha ɗaya tsohuwata tana zuwa bakin waya ta tsaya. Ba ta kuka. Kallon wuri ɗaya kawai take yi. Da na isa, ta ce in nemi aikin yankan ciyawa a ciki. Ranar da na fara, ta tsaya a wajen waya da ɗankwalinta a hannu, tana kaɗa mini shi, yi nan, koma can, kamar mai saukar da jirgi. Da na taka wurin sai ta sauke hannun. Daga nan na ƙirga zuwa sanda. A shekarar ta rasu."

Ya huta, ya sha ruwa cokali biyu.

"Shekara talatin da ɗaya na yi a filin nan. Na kori awaki, na kori shanu, na kori ku. Na ɗauki jakunkunan manyan gonar rake. Wurin Gimin kuwa da hannu nake cire ciyawarsa. Na ajiye farin dutse a kai, kowa ya ɗauka alamar matuƙa jirgi ce. Da aka rufe filin, magina suka kwashe shi da sauran duwatsu. Na ce ba komai, lissafin yana kaina."

Ya juyo da fuskarsa gare ta.

"To, shekara ashirin da biyar ɗin nan, wa nake shayarwa?"

Lasmini ta ajiye cokalin a kwano. Sai ta ga ya ɗaga yatsa.

"Kin ji? Jirgin Talata ne, mai kawo wasiƙu. Je ki kore awakin."

"Injin casar shinkafa ne, Mbah," in ji Parmi daga bakin ƙofa.

Amma Lasmini ta san ranar injin a kashe yake, tun safe babu wuta. Kuma ta ji abin, can ƙasa-ƙasa, a ƙirjinta ta ji shi kafin kunnenta, kamar yadda take ji lokacin da take kwance cikin ciyawa. Gilashin tagar ya ɗan yi rawa, sannan ya tsaya.

Da za ta tafi ya riƙe bakin zanenta.

"Ke da kike gani duk shekara. Kin san wurin?"

Ta so ta ce gaban shagon magani ne. Da ta faɗa, da ya yarda, ya samu barci. Amma ko a waccan shekarar ya haura sittin, wa ya san nawa takun ya riga ya ci.

"Ban sani ba, Mbah. Na dai san yana gaba."

"Yana gaba," ya maimaita. Ya saki zanen.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu a ga wata, lasifikar masallaci ta yi tari da safe, aka karanta sunansa. Kafin azahar an yi masa wanka, an sallace shi, maza suka ɗauke shi zuwa maƙabartar hayin rafi. Mata suka zauna a tsakar gida suna yanka albasa don sadakar yamma. Lasmini ta yanka biyu ta ajiye wuƙar. Ta shiga ɗakin, ta ɗauko butar daga ƙarƙashin gadon, ta cika ta a rijiya. A bakin hanya ta sayi furanni ƙulli biyu.

Daga dakalinta ta fara. Ba ta ƙirga komai ba. Ta karkata butar kaɗan, ruwan ya riƙa zuba siriri kamar zare, ta miƙi layin tana tafe a hankali, tana sakin furanni ɗai-ɗai. A bakin kwata matar Parjo ta fito ta janye babura biyu daga hanya. Kafin mangwaro ruwan ya ƙare. Da ta waiga, sai ga Parmi a bayanta da bokiti, idanunta jajur.

"Kawo in ƙara miki. Rabi ma a ƙafarki yake zuba."

Sau huɗu suka cika butar. Suka wuce shagon magani, suka wuce makarantar yara da gidajen da Lasmini ba ta san masu su ba. Masu babur suna zuwa su rage gudu, su kauce wa layin ruwan. Suka tafi har inda kwalta ta ƙare, gonakin shinkafa suka fara. Nan Lasmini ta kife butar, ɗigon ƙarshe ya faɗa a ciyawa.

Suka juyo suna kallon hanyar da suka biyo. Rana ta riga ta shanye ruwan tun daga can farko, tana biyo shi. Furannin ne kawai suka rage, fari da ja, a jere a tsakiyar titi.