Hulata a Kan Mai Sito

Shekara goma sha huɗu ina hawa ƙarfen sabis. Ni nake ɗaura eriya, ni nake ɗaure noti, ni nake jan waya tun daga ƙasa har can inda shaho ke wucewa ta gefen kunnena. In ka ɗaga waya ka kira aka amsa maka, to akwai gumina a ciki. Amma a gidan surukata, in aka tashi zancen mai aiki a kamfanin waya, ba ni ake nufi ba. Mijin ƙanwar matata ake nufi.

Mai Sito muke ce masa a wurin aiki, don shi ke riƙe da makullin ɗakin kaya. Ni ne ma na kai shi aikin, da bakina na roƙa masa. Fari ne sol, gemu a gyare, haƙora kamar bai taɓa tauna komai da su ba. Tsani mai taki shida in ya hau sai ya ce jiri yake ji. Sai dai yana da tebur da fanka da kati a wuya, surukata kuwa a wurinta duk mai tebur shi ne babba. "Wannan yana ofis," haka take gaya wa baƙi. In ta juyo kaina sai ta ce, "Wannan kuma yana hawe-hawe." Hawe-hawe, sai ka ce akuya. Ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai.

Wata Litinin manaja ya tara mu a harabar ma'aikata. Ya ce kamfanin ya kashe biliyan ɗari huɗu cikin shekara uku wajen kafa ƙarafa da binne waya, kuma yana so kowa ya sani. Za a yi katafaren allon talla, da ma'aikaci na gaske, ba ɗan fim ba. Kowa ya waigo ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa don kada a ga bakina ya ƙi rufuwa. Ai ni na san inda kuɗin nan ya shiga. Siminti, ƙarfe, janareta, batura masu nauyin mutum biyu, duk sun bi ta hannuna.

Matata ba ta taɓa ganina a bakin aiki ba. Tun farkon aurenmu na lura tana da saurin tsorata, sai na ce mata hawan bai wuce tsayin bene mai hawa biyu ba, a haka muka tafi. Da na ba ta labarin allon, ta wanke mini rigar aiki, ta goge ta har sau biyu.

"Baban yara, don Allah ka bar tsumman nan a gida ranar," in ji ta. Tsohon jan ɗankwalinta take nufi, wanda nake ɗaurawa a ƙugu ina share gumi. Na ce to. Da ranar ta zo hannuna ya ɗaura shi ban ma sani ba.

Mai hoton mace ce, da kyamara mai dogon baki. Ta ɗauki hular kwanona ta jujjuya, ta shafa lotsawar da ke gefen hagu, inda sifana ta taɓa faɗo mini daga sama.

"Wannan hular ta ga aiki," ta ce.

Sai ga Mai Sito da sabuwa fil daga cikin leda. "Yaya, sa wannan, kawo taka in riƙe maka."

Har na yi masa godiya, kun ji wauta.

"Malam, za ka iya kaiwa can ƙarshe?" mai hoton ta tambaye ni.

Dariya kawai na yi. Mita sittin ne, na haye shi kamar ana bina. Na maƙala ƙugiyar bel ɗina, na dafa eriya da hannu ɗaya, na turo ƙirji, na buɗe haƙora. Awa guda cur ina murmushi cikin rana har kumatuna suka yi tsami. Can ƙasa ina hango su sun taru wuri ɗaya da wata farar lema, na ɗauka inuwa suke nema.

Sati uku ina ba da sanarwa. Mai aski ya ji, mai gyaran babur ya ji, maƙwabcina da ba ma ga-maciji ma sai da na tsaya na gaishe shi don ya ji. Ranar da aka ce an kafa allon a babban shataletale, na ɗauki babur ni kaɗai na tafi.

Saura kaɗan in daki bayan wata mota. Fuskar Mai Sito ce, ta fi ƙofar shago girma. Hulata a kansa, da lotsawarta da komai. Sifanata a kafaɗarsa, ya riƙe ta kamar mai riƙe da ludayi. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: BILIYAN ƊARI HUƊU. GA HANNAYEN DA SUKA GINA. Hannayen da ko kanta babu a jikinsu. Na juya ban ƙara ɗaga kai ba.

Na same shi a ɗakin kaya, fanka na kaɗa shi.

"Yaya, wallahi ce mini aka yi in tsaya a gwada haske."

"Hasken ne ya sa ka wage baki haka?"

"Yi haƙuri, Yaya, ni ma sai gani na yi."

Na san da gaskiyarsa, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai, don ban samu abin kamawa ba. Ya miƙo mini hulata, ya wanke ta tas da sabulu. Wa ya aike shi?

Ran Asabar surukata ta ce lallai a kai ta ta gani da idonta, kowa da kowa. Na ce kaina na ciwo.

"Za a ce hassada kake yi," in ji matata.

"Ai hassadar nake yi."

"To ka yi ta a can, tashi mu tafi."

Da la'asar muna bakin shataletale. Surukata ta riƙe haɓa tana ta sa albarka, ƙanwar matata kuwa baki har kunne. Masu wucewa suka gane shi, suka yanyame shi da wayoyi. Wani dattijo ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Ashe kai ne kake haɗa mana sabis! Don Allah ka leƙo unguwarmu, sai mun fito waje muke samu." Mai Sito ya gyaɗa kai ya ce za a duba. Shi zai duba! Na koma jikin wani turken fitila na tsaya, zuciyata baƙi ƙirin.

Sai na lura da matata. Ba fuskar take kallo ba. Idonta na can ƙuryar allon ta sama, bayan kunnen Mai Sito, inda ƙarfen ya tafi yana tsukewa cikin sararin sama. Ni da na zo ranar farko haushi bai bar ni na kai ido wurin ba. A can ƙololuwa akwai wani ɗigo kamar ƙuda, da ɗan ja a gefensa.

"Baban yara, wancan jan ba ɗankwalina ba ne?"

Na ji sanyi a raina. Ga wanda ya gan ni dai. Na gyara tsayuwa na ce, "Shi ne. Ni ne a can."

Ba ta yi murmushi ba. Ta bi ƙarfen da ido daga ƙasa zuwa sama, a hankali, ta sake dawowa.

"Bene mai hawa biyu ka ce mini."

Na sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Shekara goma sha huɗu ina ce maka a dawo lafiya, in juya in ci gaba da wanke-wankena."

Ta kama wuyan hannuna. Ta riƙe gam. Surukata ta ƙwala mana kira mu zo a yi hoto da mai allo, matata ko waiwaya ba ta yi ba.

"Ke kaɗai kika gane ni," na ce, ina neman ta yaba ko da kalma ɗaya.

Ta dubi Mai Sito, yana tsaye ƙafafunsa biyu a ƙasa ana ɗaukarsa hoto, sannan ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

"Ina ma kai ne mai riƙe makullin," ta ce.

Na san tsoro ne ya sa ta faɗa, na san don ni ne. Duk da haka sai da ta soke ni, don a duk garin nan ita kaɗai ta rage da ba ta zaɓe shi ba.