Miyar Ganyen Teku Ranar Jarrabawa

Malsun ta sauka a Seoul daga motar Busan rungume da kular miya kamar mai jego da jaririnta. Duk 'yan layin busasshen kifi na kasuwarmu mun san inda ta nufa, don sati guda ta yi tana cika mana kunne: a ranar ce 'yarta Bogyong za ta cika ashirin da biyu, kuma shekara biyu ke nan yarinyar ba ta leƙo gida ba. Tana Seoul tana karatun yadda ake sanin darajar hannun jari. Malsun kan ce, "Kamar yadda nake ɗaga kifi in san kuɗinsa, haka take ɗaga kamfani."

A ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai ta tarar da ita, ta rame, da littafi a hammata.

"Umma! Ba ko waya?"

"In kira ki ce kina karatu? Dubi wuyanki, kamar tsinken cin shinkafa."

"Jarrabawa gare ni ƙarfe goma. Wadda na faɗi bara. In na sake faɗuwa, sai na ƙara shekara a nan."

Malsun ta dubi kular, miyar ganyen teku ce a ciki. A wajenmu ko yaron goye ya san ana shan miyar ganyen teku ranar haihuwa, ya kuma san ba a kusantarta ranar jarrabawa, don santsinta zai kwashe mutum ya faɗi. Ta maida kular bayanta.

"Mene ne wannan?"

"Shayi ne."

"Shayi mai ƙamshin man riɗi? Umma, ba ni. Har mafarkinta nake yi."

"Bayan kin fito."

"Jarrabawar awa uku ce, ke kuma motarki ta sha biyu ce, na san ba ki da mai tsare miki rumfa. Malaminmu ma cewa ya yi abin hannu yau ya fi wanda za a samu gobe daraja. A kansa ma za a tambaye mu."

"Malaminku ya haifa ya gani."

Bogyong ta miƙo hannu tana dariya, idonta ya ciko. Malsun ta san 'yarta: ko a wajen mai gadi ta bar kular, sai yarinyar ta buɗe ta sha kafin goma. Shekara guda kuwa ba wasa ba ce.

Sai Malsun ta zauna a kan matakala, ta buɗe, ta kafa kai. Miyar mutum uku, da zafinta, ɗalibai na wucewa suna kallo. Ba ta bar ko ganye ɗaya ba.

Bogyong ta leƙa cikin kular.

"Ta yi daɗi?"

"Gishiri ya yi yawa," in ji Malsun, tana share ido da bakin riga. "Ba ki yi asarar komai ba."

Yarinyar ta karɓi kular, ta shinshina murfin, ta rufe da kyau. Ta cusa ta a jaka tare da littafin, ta nufi aji.