Waken Serrapiyana

A shekarar 1998 aka tura mijin Rabi'atu aiki ofishin jakadancin Najeriya da ke Alƙahira, suka kama gida a unguwar Ma'adi. Katanga ɗaya ce tsakaninsu da wata tsohuwa mutuniyar Italiya, Madam Asunta, wadda ta auri wani likita Bamisire tun tana budurwa. Mijin ya rasu, 'ya'yan sun watse, ita kuma ta ƙi barin gidan saboda lambunta.

Rabi'atu 'yar manomi ce daga Malumfashi. Wata safiya ta leƙa ta ga tsohuwar tana lalube a cikin shukar wake, tana tsinkar ɗanye a madadin busasshe, don idonta ya soma dushewa. Ta zagaya ta yi sallama, da ɗan Larabcin da ta tsinta a kasuwa.

"Mama, wannan bai ƙosa ba. Kawo kwandon in taya ki."

Tun daga ranar kusan kullum tana can. Waken ba irin namu ba ne, manya ne, farare da ɗigon ja. Suna ɓara, tsohuwar tana ba ta labarin ƙauyensu, Serrapiyana, wanda ke maƙale a jikin dutse, mutanensa ba su wuce ɗari uku ba.

"'Yata, can babu fili," in ji ta. "Kakanninmu ne suka sassaƙa dutsen hawa-hawa, suka gina katangu, suka ɗebo ƙasa daga kwari a bayansu. Duk shekara ruwa ya wanke ƙasar ya sauko da ita, duk shekara mu kwashe a kwanduna mu mayar sama. Kuma ba mai taɓa gonarsa sai an gama ta matan da mazansu suka mutu."

"Gayya ke nan," Rabi'atu ta ce. "Mu ma muna yi. Amma mu dai ba mu taɓa ɗaukar gona a ka ba."

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. Ta ce lokacin yaƙi da sojoji suka kwashe musu hatsi da alfadarai, a cikin bangon coci suka ɓoye iri, suka yi wata huɗu suna cin ganye, ba wanda ya fasa bangon. Kuma duk amaryar da za ta bar ƙauyen sai an ƙulle mata wake cikin tafi a gefen mayafi. Nata ke nan take shukawa shekara arba'in.

Ana nan sai wasiƙa ta zo daga Italiya. Rabi'atu ta riƙe mata gilashin ƙara girman rubutu, tsohuwar ta karanta a hankali. Samari sun daɗe da tafiya birane aikin masana'anta, waɗanda suka rage sun koma shuka irin kanti. Dattijo na ƙarshe da ke ajiye tsohon irin ya rasu, kafin a buɗe ɗakinsa ƙwari sun cinye komai. Shi ne suka rubuta wa duk amaren da suka tafi, har Ajantina da Kanada, ko akwai mai saura.

"Abin da nake da shi bai cika kwano ba," tsohuwar ta ce. "Shi ma rabi ƙwari ke ci kafin shekara."

"Ma'alish, kada ki damu, Mama. Wannan kam aikina ne."

Suka ciccire furanni suka shuka lambun kaf da wake. Da ya ƙosa, Rabi'atu ta shanya shi a kan rufi, ta tankaɗe toka ta gauraya da garin barkono, ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka, yadda ta ga mahaifiyarta na yi. Wata biyar bayan nan suka fasa lakar, ko ƙwaya ɗaya ba ta huje ba.

Ɗan ƙanen tsohuwar, Mattiyo, shi ƙauyen suka turo ya karɓi irin, manomi mai furfura wanda bai taɓa shiga jirgi ba. Ya tsoma hannu cikin tulun, ya ɗebo, ya dudduba ƙwayoyin. Ya shaida musu wasiƙa talatin da bakwai suka aika, nan kaɗai aka samu. Ya sa gwaggonsa ta tambayi Rabi'atu ma'aunin toka da barkono, ya rubuta a takarda.

An shirya kai shi ganin dala, manyan kaburburan sarakunan dā, ya ce sai wani zuwan. Ya lura magudanar lambun ta toshe, kwana uku ya yi yana haƙa, ya gyara ta, sannan ya ɗaure ɗan itacen lemo da ya karkace, kafin ya koma gida da irin.

Da kaka ta zagayo aka bugo waya daga Italiya. Madam Asunta ta saurara, ta ajiye, ta fito bakin katanga tana kiran Rabi'atu.

"Ya yi, 'yata! Gida tara suka raba, duka ya yi. Sun ce bana ba wanda zai dafa, sai baɗi."

Rabi'atu ta bar wankin da take yi, ta goge hannu a zane, ta zagaya don ta ji sauran labarin a zaune.