Dogo Ya Kashe Kyamara

Da kamfanin ya mayar da makullan ofis, kowa ya ɗauki kwamfutarsa ya koma aiki daga gida, sai Manaja ya kira matar da ke kula da ma'aikata, wadda babba da yaro ke ce wa Anti.

"Kada ki bari mu watse," in ji shi. "Ki san yadda za ki yi mu ci gaba da zama kamar 'yan gida ɗaya."

Anti ta ɗauki maganar da gaske. Ta ware yammacin kowace Alhamis: kowa ya haɗa shayinsa, ya kunna kyamara, a yi hira ban da zancen aiki. Da farko abin bai yi armashi ba. Wannan na korar ɗansa daga kan tebur, wancan muryarsa na yankewa, in biyu suka fara magana tare sai su yi shiru tare. Dogo ne ya ceci taron.

Dogo shi ke zana wa kamfanin talla. Tun a tsohon ofis, in ka ji dariya daga matakala, to ya iso. Yana kwaikwayon tarin da Manaja ke yi kafin ya faɗi labari mara daɗi, yana tsokanar Akanta cewa tunda aka dawo gida riga kawai yake gogewa, wando kuwa sai Allah. Saboda shi har masu ƙorafin aiki ya yi yawa suka riƙa shigowa da wuri.

Sai wata Alhamis ya shigo ba hoto, murya kawai.

"Dogo, ba ma ganin ka," in ji Anti.

"Anti, sabis ne. In na kunna, sai in daskare baki buɗe, ku yi ta ɗauka ta hoto."

Aka yi dariya, aka wuce. Haka aka shafe watanni. Aikinsa bai taɓa makara ba, barkwancinsa bai ragu ba. Wani lokaci akan ji amon mutane a bayansa, da ƙarar wani abu mai taya ana turawa, ya ce ai maƙwabta ne. Ba wanda ya sake tambaya.

Da Manaja ya sa aka buga wa kowa kofi mai tambarin kamfani, Anti ta ce ita za ta kai na waɗanda ke kusa. Ta isa gidan Dogo da hantsi. Takalma ne barkatai a bakin ƙofa, ga kujerun roba an jera su a kan juna a jikin bango. Wata mata mai kama da shi ta buɗe, goye da yarinya.

"Ni yayarsa ce. Gaisuwa kika zo?"

"Gaisuwar me?"

Matar ta dube ta, ta dubi kwalin da ke hannunta. "Matarsa ai. Litinin ɗin makon jiya aka yi rasuwar. Ba daga wajen aikinsa kike ba?"

Anti ta ƙirga kwanakin a ranta. Makon jiya. Ranar Alhamis ɗin nan da ta wuce Dogo ya sa ta dariya har shayi ya sarƙe ta.

Ta same shi a ƙaramin ɗakin da yake aiki, kwamfuta a kan teburin guga, ledar magunguna a gefe ba a kai ga zubarwa ba. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya miƙe yana neman abin da zai ce.

"Tun yaushe take kwance?" ta tambaye shi.

"Tun lokacin da na ce sabis ne. A barandar asibiti nake zama da kwamfutar."

"Haba Dogo! Me ya hana ka faɗa? Mu ba mutane ba ne?"

Ya zauna a bakin kujera, ya haɗa hannuwa. "Da a ofis ne, Anti, ba sai na faɗa ba. Ina shigowa za ki ga idona, ki ja ni gefe. Amma ta kwamfuta sai na danna, na ce ku saurara, kowa da kofinsa a hannu. Na sha buɗe baki in fasa." Ya dubi ledar magungunan. "Kuma gaskiya, duk mako wannan lokacin ne kawai ba wanda ke tambaya ta ya mai jiki. Ina so in ɗan huta."

Ta fita da hawaye, da kwalin a hannu. A mota ta kira Manaja, kafin yamma kowa ya ji. Saƙonnin ta'aziyya suka yi ta shiga. Wasu suka je gidan, ciki har da sababbin ma'aikata da ba su taɓa ganin sa a tsaye ba. Akanta ya rungume shi.

Alhamis ta zo, Dogo ya shigo, kyamara a kunne. Kowa ya sassauta murya. "Ya haƙuri, Dogo?" "Ya yarinyar?" Ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Can ya gwada tsokanar Akanta, sai aka yi ɗan murmushin tausayi, wata ta share ido. Ya kalli fuskokin nan da duk suka zuba masa ido, ya ce yarinyar ta tashi, ya fita.

Bai sake shiga ba. Zanensa na zuwa kan lokaci, in Anti ta kira shi yana ɗauka, ya ce lafiya lau, ya gode. Ba da jimawa ba ya tattara ya koma kusa da yayarsa don ta taya shi rainon 'yar, aikin kuwa bai canja ba, ba wanda ya lura da ranar da ya tashi.

Wata rana Anti ta tambaye shi a waya ko ta yi kuskure da ta gaya wa mutane.

"A'a, Anti. Ko ni ne haka zan yi."

Ta jira ya ƙara wani abu. Ta ji kukan yarinya daga nesa, da muryar yayarsa tana kiran sa.

"Bari in je," ya ce. "Ki gaida mini su."