Kukan Gyare a Layi na Bakwai

Eulogia ta manna kunnenta na hagu a jikin injin, ta lumshe ido. Ba shi ba ne. Ta matsa ga na kusa da shi, shi ma lafiyarsa lau, fankokinsa na hurawa daidai wa daida. Amma kukan na nan, siriri, kamar na gyare a ƙarƙashin randa, kuma tun safe yake mata wasan ɓuya a layi na bakwai.

Injina dubu da ɗari biyu ne a rumbun nan na bayan garin Hernandarias, suna shan wutar madatsar ruwa, suna haƙo kuɗin kirifto ba hutu. Baƙo in ya shigo, ƙara guda yake ji, mai sa haƙora kaɗawa. Ita kuwa Eulogia muryoyi take ji. Ta san fankar da boris ɗinta ya fara ci, ta san akwatin wutar da zai ƙone tun kwana biyu kafin kwamfuta ta farga. Kunnen nan shi ne jarinta, da shi ta ciyar da 'yarta har ta kai jami'a. Shi ya sa marufin kunnen da aka ba ta ranar da ta kama aiki, shekara shida ke nan, yake rataye a ƙusa, gizo-gizo har ya yi gida a ciki.

Aka taɓa kafaɗarta. Don Crispín ne, abokin aikinta mai kula da kwamfuta, riƙe da ƙoƙon tereré, shayin ganyen nan da ake sha da sanyi, da gorar ruwan ƙanƙara.

"Sau uku ina ƙwala miki kira, Ña Eulogia!"

"A wannan ƙarar? Ko matarka ce ta kira ka da muciya a hannu ba za ka ji ba."

Ya yi dariya, ya miƙa mata ƙoƙon, sannan ya nuna mata allon da ke hannunsa. "Duba da idonki. Layi na bakwai kore ne shar. Zafi daidai, fanka daidai, babu injin da ya rage ƙoƙari."

"Bara ma kore ta nuna maka, har layi na huɗu ya kusa kamawa da wuta. Wa ya ji shi?"

"Ke ce."

"To, ka rabu da ni, tsoho."

"Na rabu da ke. Sai dai ƙarfe uku injiniya zai ɗauke wuta, za su yi aiki a taransifoma. Kin san in akwai inji mai ciwo a ciki, dawo da wutar ne zai ƙarasa shi."

Ta sani mana. Ta zuƙe tereré ɗin har ya yi ƙara, ta mayar masa da ƙoƙonsa.

Injina uku ta sauke ta kai kan benci. Ta kwance na farko, ta kakkaɓe jar ƙasar da ta maƙale a haƙarƙarinsa, ta zare allunansa uku ta ɗora musu mita. Wuta na zagawa yadda ya kamata. Na biyu ta canja masa fanka don kawai ta huce haushi. Na uku ta shinshina akwatin wutarsa, babu ko alamar ƙauri. Kai, abin da ban takaici! Tana mayar da su, gyaren ya ci gaba da kukansa kamar yana mata dariya.

Da rana ta take, sai ta rage sauri. Ta riƙa bin layin a hankali, hannunta na shafar ƙarfe mai ɗumi, iska mai zafi na kaɗa mata gashi. Ta daɗe tana ganin kamar kogin madatsar ne da kansa yake biyo waya ya zubo cikin rumbun, ita kuma tana tafiya a ƙarƙashin ruwa, ƙananan fitilun nan kore suna ƙyalli kamar idanun kifi. Kukan ya ja ta har tsakar gidan kakarta a Caazapá, tana 'yar shekara bakwai, kwance a ragar lilo tsakanin mangwaro biyu. A lokacin tana iya jin faɗuwar ganye a bayan katanga. Tana iya jin kakarta na murza garin gurasar chipa daga can cikin madafa. Kewa ta kama ta sosai, har ta tsaya ta dafa sandar ƙarfe.

Ta zaro takarda daga aljihu don ta rubuta lambar injin da za ta sauke na gaba. A bayan takardar akwai rubutun 'yarta Liduvina: sunan likitan kunne, da ranar zuwa, wadda ta wuce da mako uku. Yarinyar nan da mita take. Wai rediyon Mama yana hana maƙwabta sakat. Wai ranar Lahadi an kaɗa ƙaramar ƙararrawa a coci, kowa ya durƙusa, Mama na tsaye ita kaɗai. Eulogia ta juya takardar, ta rubuta lambarta.

Uku saura minti biyu ta tsaya a tsakiyar layin, dabara ta faɗo mata. In an ɗauke wuta, injinan za su mutu bi da bi. Duk inda kukan ya yanke, nan ɓarawon yake. Ta rufe ido, ta riƙe numfashi.

Layi na ɗaya ya yi shiru. Na biyu. Ƙarar ta riƙa janyewa kamar ruwan sama mai wucewa gabas. Na shida. Na bakwai. Fankoki suka yi ta juyi a hankali, har ta ƙarshe ta tsaya cak.

Gyaren bai fasa ba.

Ta buɗe ido. Babu fitila ko ɗaya a kunne. Ta ɗaga tafin hannu ta toshe kunnenta na hagu, kukan ya ƙaru. Ta bakin ƙofar rumbun ta hango wani tsuntsu a kan waya, yana buɗe baki yana rufewa, wuyansa na rawa, amma babu abin da ya iso gare ta. Tsoro ya kama ta.

Don Crispín ya taho yana murmushi. Sai da ya zo dab da ita ta kama maganarsa.

"Yaya, gwana? Kin same shi?"

"Na same shi."

"Madalla! Wane inji ne? In rubuta."

"Bar rubutun, Don Crispín," ta ce a hankali. "Wannan ba na kamfani ba ne."

Ya dube ta, ya dubi hannunta da ke kan kunne, murmushin ya gushe. Ya sauke allon da ke hannunsa.

Ta taka zuwa ƙusar, ta sauko da marufin kunnen, ta hure yanar gizo-gizon. Ta juya takardar nan ta sake karanta sunan likitan. Da injiniya ya ɗaga hannu alamar za a dawo da wuta, ta sa marufin a kanta, ta tsaya tana kallon fitilun suna kamawa ɗaya bayan ɗaya, daga ita sai gyarenta.