Hannun Rufa'i a Gidan Ɗori

Ni dai tun ranar da jitar nan ta shigo gidanmu ban ƙaunace ta ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Wani ɗan bautar ƙasa ne da ya gama shekararsa a nan Jega ya bar wa maigidana ita, wai tukuicin gyaran janareto. Maigidana Rufa'i makanikin injin ban ruwa ne, duk masu noman albasa daga Dangamaji har Sabiyal sun san lambarsa da ka. Mutum da sana'arsa, da 'ya'yansa biyu, shekara arba'in da ɗaya a duniya, sai ga shi kullum bayan la'asar ya rungume katako a gindin darbejiya, ya jingina waya da buta, yana sauraron wani tsohon Bature mai farin gemu yana koya masa kiɗan da ake kira jaz.

Shekara biyu ana haka. Ni malamar firamare ce, in na dawo daga ihun 'yan aji uku sai in tarar da wani ihun a gida. Ya sha zaunar da ni ya yi mini bayani, ko na tambaya ko ban tambaya ba. Wai in ka danne tsirkiya uku ko huɗu suka yi ƙara tare, wannan shi ne kod. Wai a cikinsu akwai wanda ake ce wa dominan, shi ne mai sa kunne ya ƙagu ya ji na gaba, kamar mutum ya ɗaga ƙafa bai sauke ba. Na ce masa ni ma a ƙage nake, amma in ji shiru. Ya yi dariya ya ce ban san daɗi ba. Gaskiya dai ya iya, wannan ba zan hana shi ba. Yakan baje yatsun hagunsa huɗu a wuyan jitar su miƙe har in ji tsoron za su tsinke.

To, ana tsakiyar ban ruwan albasa ya je Maiyama gyaran wani inji. A hanyar dawowa wata saniya ta yanko titi, ya kauce mata, babur ya kwanta da shi, hannun hagu a ƙasa. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka karye, har da bayan hannun. Kafin labari ya iso ni 'yan'uwansa sun riga sun kai shi Aliero gidan Baba Atiku maɗori, inda aka ɗora ƙafar mahaifinsa shekarun baya. Na isa ina kuka, na tarar da shi a kan tabarma an ɗaure hannun da kara da tsumma, abin da ya fara tambayata kuwa shi ne ko na shigar da jita ɗaki saboda rana. Wallahi da ba a gaban mutane ba ne da na gaya masa magana.

Sati shida aka yi kafin a kwance ɗorin. Baba Atiku yana da wata ƙa'ida da ya gada wurin mahaifinsa: ba ya sallamar mutum sai ya gani da idonsa ya yi aikinsa da gaɓar da aka ɗora. Manomi sai ya yi sara da fartanya a bayan gida, mai daka sai ta ɗaga taɓarya, direba kuma sai ya taka abin da yake takawa. Saboda haka muka tafi da sifana da wani tsohon kan inji. Maigida ya riƙe ƙarfen da hagu, ya kwance noti huɗu ya mayar, ko gezau. Baba ya gyaɗa kai, har ya ɗaga hannu zai yi addu'ar sallama. Sai bawan Allahn nan ya ce ai akwai sauran aiki ɗaya, ya aika aka ɗauko jita daga cikin keke napep ɗin da ya kawo mu. Ashe a ɓoye ya sa ta ƙarƙashin kujera.

Ya ɗora yatsu. Manuniya ta zauna, na tsakiya ya zauna, biyun da suka karye kuwa suka tsaya a miƙe, sun ƙi lanƙwasa. Ya gwada sau uku, zufa ta karyo masa. Daga nan ya ajiye jitar ya roƙi Baba ya sake karya su ya ɗora daga farko.

Baba Atiku ya daɗe yana murza yatsun kafin ya yi magana.

"Ina iyawa, Rufa'i. Amma ƙashin da anka karya sau biyu kusa ga gaɓa, ba ni yi maka alkawali. Shina iya sakewa, shina kuma iya ƙagewa da hannun duka, har sifanar ga ta gagare ka. Tafi gida ka yi shawara. Asabar ka dawo, abin da ka ce shi za mu yi."

Ya ƙara da cewa shi dai ba zai iya sallamarsa a haka ba, tunda mai hannu ya ce aikinsa bai dawo ba.

A cikin keke har Jega ban yi shiru ba. Na tuna masa da hannun nan muke ci, da shi Humaira da ƙaninta ke zuwa makaranta. Na ce wa ya taɓa jin an karya lafiyayyen ƙashi saboda kiɗa, kiɗan ma da ba a gayyatarsa ko suna. Muka sauka a ƙofar gida. Ya ce, a hankali, shi duk yini injin wasu yake gyarawa, wannan abu ɗaya ne kawai nasa. Na ji maganar har cikin raina, amma tsoro ya fi ƙarfina, na ci gaba da faɗa har Talata.

Ran Laraba ya fita ya manta wayarsa a caji. Na ɗauke ta da niyya guda: in nemo tsohon nan mai gemu in rubuta masa abin da ba zai manta ba, tunda shi ya jawo mana. Na buɗe shafin, na ga darasi arba'in a jere. To ni malama ce, ba na gyara takardar da ban karanta ba, kuma ba na fara littafi daga tsakiya. Na ce bari in fara daga na ɗaya in san ta inda zan kama shi. A nan na lura da wani abu. Duk darasin da aka kalla akwai jan layi a ƙarƙashinsa. Na ɗaya zuwa na uku da ja. Daga na huɗu zuwa na sha ɗaya fari fat. Ashe gwanin namu tsallake ya yi, ya ga an rubuta na masu farawa ne ya haye can inda ake baje yatsu. Irin ɗaliban da nake kora su koma kujerar gaba ke nan.

Na kalli na huɗu, na biyar, na shida, shinkafata tana kamawa a tukunya. A na bakwai tsohon ya ɗaga yatsu biyu ga kyamara. Ya ce dominan sauti huɗu ne, ana kiransu na ɗaya, na uku, na biyar da na bakwai, amma biyu ne ke ɗauke da shi, na uku da na bakwai, su ne masu sa ƙaguwar nan. Na biyar ado ne, a yar da shi. Na ɗaya, wato tushen, a bar wa mai kaɗa babbar murya ta ƙasa. Sai ya danne tsirkiya biyu na tsakiya da manuniya da yatsan tsakiya, ya kaɗa. Ya ja su baya gida ɗaya, ya ce ga wani dominan ɗin. Ya tura su gaba, ga na uku. Ya ce da waɗannan ukun ana kaɗa waƙa sukutum, kuma manyan makaɗa da yawa haka suke yi duk daren biki. Na mayar da wurin sau biyar don kada ya zama Turancina ne ke yaudarata. Ban rubuta masa zagin ba.

Da maigida ya dawo na nuna masa, ina jiran godiya. Ina! Ya kalli minti ɗaya ya ture wayar, ya ce wannan na yara ne, sauti biyu ba kod ba ne, shi da ya kai darasi na talatin ba zai koma rarrafe ba. Na ce to madalla.

Washegari da la'asar na ɗauki jitar da kaina, karo na farko a rayuwata, na zauna a ƙofar ɗaki inda zai ji. Na danne tsirkiya biyun yadda tsohon ya yi, da gangan kuma ban danne da kyau ba. Ƙarar da ta fito ko akuya ba za ta yi ta ba. Na ja baya, na tura gaba, na sake. Ya yi kamar yana wanke fulogi. Bai kai minti uku ba ya taso yana cewa ba haka ake yi ba, kusa da ɗan ƙarfen da ya gitta wuyan jitar ake dannawa, ba ni nan. Ya karɓa don ya gwada mini. Na kunna masa babbar muryar da tsohon ya sa a ƙarshen darasin, mai tafiya dum, dum, dum, na koma kicin na bar shi. Har aka kira magariba yana nan.

Amma kada ku ce an gama. Ran Juma'a ya ce mini abin ya yi daɗi, sai dai ba kamar da ba, kuma gobe yana nan a kan bakansa. Iyakar abin da na samu shi ne alkawarin zai kaɗa wannan ɗin a gaban Baba kafin a taɓa hannun. Na zauna na rubuta jerin kod ukun nan a takarda kamar shirin darasi: na farko sau huɗu, na biyu sau biyu, a koma na farko, haka har layi sha biyu.

Asabar da hantsi muka isa Aliero. Rumfar Baba Atiku cike, masu karaya kwance a tabarmi, wani ƙafa a ɗaure, wata tsohuwa da ƙugu, 'yan jinya suna ta fifita. A gefen Baba na hango sabon kara an fere, da tsumma a naɗe, da kwanon man shanu.  Maigida ya zauna ya ɗora jita a cinya, ya ce in kunna muryar ƙasan. Na danna, waya ta hau juyi. Na ɗaga ta sama, na fita bakin rumfa, na dawo, babu sabis ko ɗigo. Ya kaɗa yatsu biyun haka nan su kaɗai, abin ya fito siriri, ba gindi. Ya dube ni ya girgiza kai, ya fara zare jitar daga jikinsa.

Ban san lokacin da na durƙusa kusa da shi ba. Ni Mufida, malamar aji uku, da mayafina, a gaban surukan mutane, na buɗe takardata na sa murya can ƙasan maƙogwaro na fara dum, dum, dum, dum. Kwana uku abin yana yawo a kaina, ashe ya zauna. Kunya kamar ƙasa ta tsage, amma ban tsaya ba. A layi na biyu ya shigo. Da na sauya murya ya ja yatsu baya, da na hau ya tura gaba. Zagaye na biyu ya fara yi wa abin kwalliya da hannun dama, yana jinkirtawa yana cafkowa. Wani mai karayar cinya ya kama kaɗa 'yan yatsun ƙafarsa mai lafiya, masu fifita suka bi kiɗan da mafici. Muka yi zagaye huɗu, numfashina ya kusa ƙarewa, sannan ya kai mu kan dominan ɗin nan ya riƙe, ya riƙe, har Baba Atiku da kansa ya ce, "Kai, sauke mana!" Ya matsar da yatsa ɗaya, abin ya sauka, rumfa ta ɗauki dariya.

Baba bai yi dariya ba. Ya jawo karan gabansa ya miƙa hannu, maigida ya ɗora masa nasa.

"Na ga aiki. Amma hannu naka ne. Mu karya?"

Maigida ya daɗe yana kallon yatsun nan biyu da suka tsaya a miƙe. Ya gwada lanƙwasa su sau ɗaya, suka ƙi. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na san yana ban kwana ne da duk abin da ya koya daga darasi na sha biyu zuwa na talatin, kuma na ji tausayinsa fiye da ranar da ya faɗi.

"Bar su, Baba," ya ce. "Shekara arba'in suna yi mani aiki. Su huta."

Baba Atiku ya ture karan gefe, ya lakato man shanu ya shafe hannun tun daga wuya har farce, ya tofa addu'a, ya ce ya sallame shi. Maigida ya juyo wajena. Sai kawai ya miƙo mini hannun, yana maiƙo, a gaban kowa, ni kuma na riƙe shi da hannuna biyu.